Gayyar Maidaji a Fadamar Panyu

Maidaji ne ya fara ganinta. A faɗi wannan tun daga farko, don daga baya mutane da yawa sun zo suna cewa su ma sun lura. Ba su lura ba. Duk faɗin Panyu, da 'yan ƙasa da baƙi, da masu tabarau da masu digiri, ba wanda ya tsaya ya dube ta sai wani tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu wanda bai taɓa zama a aji ba. Kuma da ido ɗaya ya gan ta, don ɗayan yana jiran wuƙar likita.

Masunci ne daga wata tunga a ƙasar Yawuri. Dorina ta taɓa kifar da jirginsa a tsakiyar Kwara, ya fito gaɓa da filafilinsa a hannu. Shekarar da aka datse kogin, ruwa ya cinye tsohon garinsu, shi ya kwashe tsofaffin unguwa a jirgi ɗaya, sawu bakwai. Amai da gudawa ta shiga tunga ta ɗauki na ɗauka, ta tsallake shi. Ba abin da ya taɓa zaunar da shi sai yanar ido. Shi ya sa ɗansa Mansur, wanda ke sayen tufafi a kasuwar Shisanhang yana turawa Kano, ya kawo shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin a daminar 2007 don a kankare masa idanun, ɗaya bayan ɗaya.

Gidan Mansur a yankin Panyu yake, a hawa na bakwai, kuma Maidaji ba mutumin zama a sama ba ne. Kullum bayan asuba sai ya saka baƙin tabarau da malafarsa ya sauko. Hancinsa ne ya kai shi ga ruwa. Bayan masana'antu akwai wata doguwar jinga, bayan jingar kuma wata fadama da aka bari ba a taɓa ba, an ce don tsuntsaye. Ga bado, ga balbelu, ga agwagin daji, ga wani tafki a tsakiya wanda bakinsa ke haɗe da babban rafi. Mutum ɗaya ne ke shiga wurin, wani tsohon Basine siriri mai suna Liyan, da ɗan jirginsa da komarsa, yana kama jatan lande da ƙananan kifi. Da wannan tafkin yake ci, shi da matarsa.

Ba su da kalma ɗaya da suka haɗa. Amma ranar farko Maidaji ya tarar da shi yana ɗinkin koma, ya tsuguna ya karɓi allurar ya yi ƙulli uku. Liyan ya duba, ya ja da haƙori, ya ɗaga babban yatsa. Daga nan suka zama abokai.

A kwana na biyar ne ya hango ciyawar. Can tsakiyar tafki, ganye masu sheƙi kamar an shafa musu mai, da fure shuɗi-shuɗi a tsaye. Guda uku kacal. Maidaji ya zabura. Ya kamo hannun Liyan yana nunawa, yana yin alamar a tsamo a jefar. Liyan ya duba, ya yi dariya, ya kaɗa hannu ya ce, "Mayo, mayo." Wato babu komai.

Da yamma ya kai maganar gida. Mansur yana fama da waya biyu, kayansa sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ya ce, "Baba, don Allah. Ido muka zo yi, ba noma ba."

Saudat ce ta saurare shi. Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, tana karatun kimiyyar muhalli a jami'a, takan zo gidan kawunta duk ƙarshen mako. Tsakaninsu akwai wasan kaka da jika, ba sa raga wa juna.

Ta ce, "Angona, wannan ai kainuwa ce mai fure. Na san ta. Ta cika rafukan garin nan."

"Kin san sunanta. Ni na san halinta."

"To me ta yi maka? Fadamar nan daji ce, an bar ta ne don ta yi hukuncin kanta. Wani malaminmu yana cewa duk inda mutum ya sa hannu wai zai gyara daji, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. Ita ciyawar nan ma tana tsotse dattin masana'antu daga ruwa."

"Malamin naku ya taɓa kwana da yunwa saboda ciyawa?"

"Ban tambaye shi ba."

"Ki tambaye shi, amarya. In ya ce a'a, ki ce masa akwai wani jahili a hawa na bakwai da ke ba da darasi kyauta."

Sai ya ba ta labarin tafkinsu na bayan tunga. Can ma shi ya fara ganinta, wajen shekara ashirin da suka wuce, ta biyo kogi daga yamma. Yara suna tsinkar furenta suna sa wa a kunne. Kafin kaka ta rufe rabin ruwa. Sarkin ruwa ya kira gayya, maza sittin suka shiga da adduna suka yi ta sara tun safe har la'asar, suka fito suna kirari. Ashe shuka suka yi. Duk gutsuren da ke da ido a gindinsa ya tsiro ya zama uwa. Wata ɗaya, kare na iya tsallaka tafkin bai jiƙa ƙafa ba. Ruwan ƙarƙashi ya yi baƙi, bado ya ruɓe, tarwaɗa da karfasa suka taso ciki a sama. Macizai da sauro suka gaje wurin. Gida arba'in suka tashi, saura tara.

Ya ce, "Ni ban tashi ba. Amma tafkin bai dawo ba."

Saudat ta ce, "Na ji, tsoho. Amma ka san abin da ke damuna? Kalmar baƙo. Duk wanda ya tashi kawar da abu sai ya fara ce masa baƙo. Mu fa? Jiya 'yan sanda suka tare Kawu a tashar jirgin ƙasa suna neman takarda. Ita ciyawar ba ta da fasfo ne laifinta?"

Maidaji ya cire tabarau ya dube ta da idon nan ɗaya da aka wanke. Ya ce, "Ni baƙo ne. Na zauna inda aka ajiye ni, na ci abin da aka ba ni, ranar da bizata ta ƙare zan ɗau jakata. In kika ga na hau ƙirjin Liyan na toshe masa hanci da baki, ki kira 'yan sandan da kanki. Ba zuwanta ne laifi ba. Ba ta barin kowa ya yi numfashi."

"Ka iya magana."

"Tun ba a haifi ubanki ba."

Washegari aka shiga da shi aikin ido na biyu. Likita ya kafa doka: ba sunkuyawa, ba ƙura, ba ruwan rafi. Mansur ya ɓoye takalmansa. Kwana ashirin Maidaji yana zaune a sama kamar tantabara, ana ta tafka ruwan sama, shi kuwa yana lissafi a ransa. Ranar da aka sake shi ya hau jinga da ido biyu garau, ya ga abin da ya san zai gani. Ukun nan sun haihu, kuma ruwan sama ya koro musu 'yan uwa daga babban rafi. Sulusin tafki ya zama kore shar, ya kai filin idi girma. Agwagi sun koma gefe ɗaya sun takure.

Ga Liyan a cikin jirgi, ya ɗaure lauje a doguwar gora, ya ɗaga zai fara sara.

Ihun da Maidaji ya yi sai da balbelu suka tashi. Ya gangara ya riƙe gorar. Liyan ya ja, shi ma ya ja, tsofaffi biyu suna huci, kowa yana zagi da harshen uwarsa. Da Maidaji ya ga magana ba za ta yi ba, sai ya ɗauko bokitin Liyan ya cika da ruwa. Ya tsamo ciyawa ɗaya, ya tsaga gindinta gida huɗu, ya zuba a ciki. Ya ɗaga yatsu biyar, ya kwantar da kai a tafin hannu: kwana biyar. Ya ɗauke laujen ya tafi da shi gida.

Rana ta biyar Liyan ne ya tare shi a kan jinga, rungume da bokiti. Uku cikin huɗun sun fitar da sabon ganye. Tsohon ya dubi bokiti, ya dubi tafkinsa, ya zauna a ƙasa. Maidaji ya san zaman nan. Ya taɓa yin irinsa.

Maganinta ɗaya ne, kuma ya san shi: a janye ta ɗungurungum kamar jan taru, a fitar da ita tudu, rana ta kashe ta, wuta ta ƙarasa. Amma aikin maza ashirin ne, kuma kwana tara ya rage masa a ƙasar.

Ranar Juma'a ya buɗe ƙullin da ya taho da shi daga gida, wanda ko Mansur bai san da shi ba. Goro ne, fari da ja, a cikin ganye, yana yayyafa masa ruwa kullum a ɓoye. Bayan an sallame salla ya tsaya a harabar masallaci inda 'yan kasuwar Arewa ke taruwa, ya fara rabawa. Mutanen da suka yi wata shida ba su ga goro ba! Alhaji Alhasan, wani Bakano mai tumbi da ke sayen takalma, ya karɓa hannu biyu yana sa albarka. Mas'udu, Banijare daga Maraɗi, ya lumshe ido yana tauna. Sai da Maidaji ya ga kowa bakinsa ya yi ja, sannan ya gyara murya.

"To, madalla. Goron gayya kuka ci. Jibi Lahadi, bayan asuba, a Panyu. Kowa ya zo da tsohon wando."

Alhasan ya tsaya da tauna. "Gayyar me, Baba? Aure za ka ƙara?"

"Ciyawa za mu ja daga ruwa."

"Ciyawar wa?"

"Ta wani tsoho."

"Namu ne?"

"Masunci ne."

Aka fashe da dariya. Mas'udu ya ce shi kwantena ta kawo shi Sin, ba taɓo ba. Maidaji ya bari suka gama, sannan ya ce, "Wanda ba zai zo ba, ya maido min gorona yadda na ba shi. Wanda kuma ya haɗiye ya ƙi zuwa, ba komai. Ina komawa gida mako mai zuwa, kuma na san garin kowa. Zan biya in gaida ubansa, in gaya masa ɗansa ya ci goron gayya ya kwanta."

Ranar Lahadi maza goma sha tara suka zo. Mansur ne na ƙarshe, yana ɓoye fuska. Saudat ta ce ita ba za ta sa hannu a abin da ba ta yarda da shi ba, ta zauna a gida da littafinta.

Wanda bai ga Maidaji a safiyar nan ba bai ga shugaba ba. Ya tsaya a gaɓa da malafa da baƙin tabarau, ya kifa bokiti yana kaɗawa da sanda. Shi da Liyan suka zagaya da doguwar igiya suka yanko gefen ciyawar, maza suka kama bakin igiya biyu suna ja. Yana kiran kowa da sunan garinsu. "Ina Maraɗi? Maraɗi ta mutu ne? Kano, tumbin nan na ado ne?" Mutanen da hannunsu ya saba da waya da kalkuleta suka shiga taɓo har gwiwa, suna nishi suna dariya, wasu suna tuno waƙoƙin noma da suka manta tun suna yara.

Ruwa ya ja baya sosai a safiyar, ya bar wani faffaɗan fili na laka tsakanin tafki da jinga. Maidaji ya ce a tara a nan. Fili ne a buɗe, rana na dukansa, kwana uku ta bushe a cinna mata wuta. Amma tun tarin farko Liyan ya fara rigima. Yana nuna saman jinga, yana nuna tarin, yana ɗaga hannu sama da kansa. Ya ja Maidaji zuwa turken da yake ɗaure jirgi ya nuna masa wani baƙin zane can sama.

Mansur ya ce, "Baba, kamar yana cewa ruwa na zuwa nan."

"Na sani. Tun zuwana nake ganin ruwan nan yana hawa yana sauka. Dam gare su a sama, irin namu, in sun buɗe ya taso. Wa zai buɗe dam ranar Lahadi? In muka ce sai mun haura da ita jinga, mutanen nan za su mutu kafin azahar. Ku tara!"

Ya dafa kafaɗar Liyan ya ce masa, "Mayo, mayo." Tsohon ya dafe kai.

Kafin rana ta take sun kwashe kusan duka. Tari bakwai, kowanne ya fi mutum tsayi. Suka haura bayan jinga, ƙarƙashin itatuwan ayaba, don gayya ba ta cika sai da abinci. Habsatou, wata Banijara mai dafa wa 'yan kasuwa abinci, ta kawo shinkafa da yaji. Matar Liyan ta soyo kifi cike da faranti.

Maidaji ya ɗauki ɗaya ya juya shi. "Kai! Karfasa! Me ya kawo ki nan, 'yar gari?"

"Jirgi ya kawo ta, kamar kai."

Saudat ce a tsaye, da kwalbar maganin ɗigawa a hannu, ya manta da ita a gida. Ta ce, "Ka san me suke ce mata a nan? Kifin Afirka. An kawo ta kiwo ta tsere ta cika musu rafuka, tana korar kifinsu. To ga baƙuwa a hannunka, angona. Ita ma a kira mata gayya?"

Maza suka ɗauki shewa. Alhasan ya ce, "Ta kama ka, Baba!"

Maidaji ya ɓare kifin ya kai baki, ya tauna a hankali. "Ga gayyar nan muna yi. Miƙo min wani."

Ana cikin dariya Liyan ya gangaro daga jinga da gudu. Da ya ga Saudat ta gaishe shi da Sinanci, sai ya riƙe hannun rigarta ya fara zuba. Harshensa na mutanen ƙauyen ruwa ne, ba na makaranta ba, sai da ta sa ya maimaita sau uku. Fuskarta ta canza.

"Tsoho, a ina kuka tara ciyawar?"

"A fili."

"Wane fili? Ba dam ba ne! Teku ce. Rafin nan da teku yake haɗe. Kullum sau biyu ruwa ke tafiya ya dawo, yau ma ranar babban hawa ce. Ya ce tun safe yake gaya maka!"

Suka hau jinga. Babu fili. Ruwa ya shafe lakar kaf, tari bakwai sun warware sun bazu, ciyawa na yawo a hankali kamar garken da ya san hanyar gida. Aikin maza goma sha tara, tun asuba.

Mas'udu ya fara neman takalmansa. Alhasan ya ce, "To, Baba, goro dai mun biya."

A nan ne Maidaji ya yi abin da ko dorina ba ta sa shi yi ba. Ya tsaya yana kallon ruwan da ya tafi da safe ya dawo da rana, abin da Kwara ba ta taɓa yi ba a shekara saba'in. Sannan ya cire malafarsa ya ɗora wa Liyan a ka, ya miƙa masa sandar kiɗa. Ya ce wa Saudat, "Gaya masa ban san wannan ruwan ba. Shi ya sani. Ya faɗa, mu yi."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Sannan ta juya ta faɗa.

Liyan bai ɓata lokaci ba. Ya yi ta magana da sauri, Saudat na juyawa. Ruwa zai ƙara hawa kaɗan, ya tsaya, sannan ya juya. In ya juya kafin su gama, zai ja ciyawar ya watsa ta cikin duk lungunan fadama inda jirgi ba ya shiga, daga nan kuma sai Allah. Amma yanzu ruwan ya zo har gindin jinga. Abin da da safe sai an ɗauka a ka an keta laka da shi, yanzu yana iya zuwa da kansa.

Maidaji ya gane tun ba ta rufe baki ba. "Ruwan zai yi mana dako! Ku ji, jama'a! Ba ɗauka za mu yi ba, kora za mu yi!"

Alhasan ya ce, "Baba, bayana ya riƙe."

"Gayya ba ta watsewa sai mai gayya ya sallama. Ga mai gayya nan da malafa. Ya sallame ka?"

Liyan ya ɗaga sanda ya dankara wa bokiti. Bai iya kiɗan ba ko kaɗan, amma an ji shi.

Aka raba aiki. Mansur da mutum huɗu suka ɗaure gorori baki da baki, suka gitta su a bakin tafki don kada ko ganye ya fita ko ya shigo. Tsofaffin biyu suka shiga jirgi, Liyan a baya yana tuƙi, Maidaji a gaba yana sakin igiya, kansa a miƙe don dokar likita. Suka zagaye garken ciyawar gaba ɗaya. Da bakin igiya ya dawo jinga, hannu ya yi kaɗan. Saudat ta ajiye jakarta, ta cire takalmi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta kama.

Maidaji ya ƙwala daga jirgi, "Amarya! Ina malaminku?"

"Don komar Liyan nake ja, ba don bakinka ba!"

"Ja dai! Igiya ba ta tambaya!"

Habsatou ma ta bar tukunya ta kama. Matar Liyan ta ruga ƙauye ta dawo da mata shida ɗauke da manjagara. Ciyawa ta taho, ta taru a gindin jinga ta yi kauri har ana iya taka ta. Aka yi layi, na ƙasa ya cakumo ya miƙa, na sama ya wurga bayan jinga inda teku ba ta taɓa kaiwa ba. Hausa na tashi, Faransanci na tashi, Sinanci na tashi, ba mai jin wani, kuma ba wanda ya yi kuskure. Alhasan ya zame ya zauna cikin ruwa har wuya, wata tsohuwa ta ƙwaƙulo shi da manjagara ta wuyan riga, ya tashi yana mata godiya da Sinanci, "shishe, Hajiya, shishe."

Liyan na duban turkensa. Can ya yi tsawa. Ruwa ya juya. Saura wani yanki kamar faɗin ɗaki biyu, ya fara sulalewa yana nufin lungu. Maidaji bai jira fassara ba. Ya karɓi gorar tuƙi, ya kafa ta sau uku, jirgin ya yi tsalle kamar ɗan maraƙi ya sha gaban ciyawar. Ya gitta jirgin a bakin lungun ya riƙe shi da ƙarfin kafaɗa, ruwa na turawa, shi yana turawa, har aka jefo igiya aka zagaye ta. Masu kallo daga jinga sun ce jijiyoyin wuyansa sun fito kamar saiwar gamji. Shekara saba'in da huɗu.

Da la'asar sakaliya tafki ya koma ruwa. Aka ga sama a cikinsa. Liyan ya sauke malafa zai mayar, Maidaji ya maida masa ita a ka. Suka yi salla a kan jinga, jiki duk laka, Sinawa na tsaye gefe suna jira da shayi.

Sauran kwanakin, tsofaffin biyu suka yi ta zagaya lungu-lungu da ƙaramar koma suna tsince gutsattsari. Ranar da aka cinna wa busasshen tarin wuta Saudat ta zo. Ta tsaya kusa da kakanta tana kallon agwagi sun bazu a tsakiyar ruwa.

Ta ce, "Ka san za ta dawo. Babban rafi cike yake da ita."

"Za ta dawo. Ta tarar da gora a ƙofa da tsoho a farke."

"Kuma har yanzu ban yarda a riƙa shiga kowane daji da adda ba."

"Ni ma ban yarda ba. Adda ce ta kashe mana namu. Ki rubuta wannan a takardarki, ki sa sunana, a san inda kika samo."

"In sa har da dam ɗin da ba a buɗewa ranar Lahadi?"

Maidaji ya yi kamar hayaƙi ne ya shige masa ido.

Ya koma Yawuri da ido biyu da labari ɗaya. A bakin kogi, in ya faɗi yadda ya tara Kano da Maraɗi da Sin a igiya ɗaya ya ƙwato tafki a yini guda, wasu kan gyaɗa kai. Amma in ya zo wurin ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da rana, sai matasa su fara taɓa juna, wai tsoho ya fara ƙari. To Maidaji ba ya rantsuwa, kuma ba ya jayayya da wanda bai taɓa wuce Kontagora ba. Wanda ke ganin ƙarya ce, hanya a buɗe take. Ya je Panyu, ya haura jinga, ya gangara filin lakar nan da hantsi, ya harɗe hannu ya tsaya, kada ya motsa sai an kira azahar. In ya dawo da busasshen gemu, ya zo ya kwance jirgin Maidaji ya tafi da shi, har da filafilin.